Murjani mai ƙaho (Acropora palmata)

Murjani mai ƙaho nau'in murjani ne da ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa a Tekun Karebiyan, da tsibiran Bahamas da kudancin Fulorida ta Amurka. Ba shi ne jan murjanin da ake saye a Kasuwar Kurmi a yi wa amarya ado ba. Wancan ɗan Bahar Rum ne, a da ta hanyar fataken Sahara yake zuwa Kano. Wannan launinsa ruwan ƙasa ne mai ratsin rawaya, rassansa faffaɗa kamar tafin hannu a buɗe.

Ko da yake kamar dutse yake, dabba ce. Dubban ƙananan halittu ne ke zaune tare, kowace tana gina wa kanta gida na sinadarin alli. Reshe yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 10 a shekara, kusan tsawon yatsa guda. Yafi son ruwa mara zurfi, mita 1 zuwa 5, inda igiyar ruwa ke karyewa.

A cikin tsokarsa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke sarrafa hasken rana ta samar masa da mafi yawan abincinsa, ita ce kuma launinsa. Idan zafin ruwa ya haura na watan da ya fi zafi da digiri 1 kacal, ya daɗe makonni a haka, sai murjanin ya fitar da ita, ya koɗe fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In ruwan bai huce da wuri ba, sai mutuwa. Zafin bazarar 2023 ya hallaka mafi yawan wanda ya rage a Fulorida.

Tun kafin nan ya sha wuya. Daga ƙarshen shekarun 1970 wata cuta ta bi shi tana saɓule tsoka daga gindin reshe zuwa sama, tana barin farin zobe. A 1983 da 1984 annoba ta kashe bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda ke kiwon ciyawar ruwa, sai ciyawar ta mamaye duwatsun da jariran murjani za su manne. Akwai kuma cutar fararen tabo, wadda aka gano ƙwayarta, Serratia marcescens, tana zuwa ne daga ruwan masai da ake sakewa cikin teku.

Reshen da guguwa ta karya yakan kama ƙasa ya tsiro, amma kwafin uwarsa ne, cutar da ta ci ɗaya za ta ci duka. Haihuwa ta ƙwai kuwa sau ɗaya ce a shekara, da dare, bayan cikar wata a wajajen Agusta, kuma tana buƙatar wani murjani na daban a kusa.

Amurka ta sa shi cikin halittun da doka ke karewa a 2006. Masu renonsa kan rataye gutsattsari a igiya cikin ruwa, in sun yi girma a manna su jikin dutse da siminti.