Waiwaye: Daga Damagaram zuwa Yamai, yadda maganar tashin Almasihu ta zauna a Nijar

Kowace shekara, Litinin ɗin da ke biye wa Lahadin Paska, bikin da Kiristoci ke tuna tashin Yesu Almasihu daga matattu, ranar hutu ce a Nijar. Ma'aikatun gwamnati a Yamai a rufe suke, ƴan makaranta suna gida, ana ta dafa shayi a fada. A ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, yawancin masu wannan hutu ba su san dalilinsa ba. Bana wani dattijo maƙwabcina ya tambaye ni: "Ɗana, wai me kuke yi wa biki, tunda Annabi Isa bai mutu ba?" Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Kuma ita ce tambayar da masu bi a ƙasar nan suke ta amsawa yau shekara ɗari.

Kafin wani ɗan mishan ya kafa gida a nan, wani yaro daga ƙasar Damagaram ya riga ya sa hannu a aikin. Dorugu, wanda aka kama bauta yana ƙarami, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya zauna wurin James Schön, wanda ke nazarin Hausa yana kuma fassara Linjila. Daga bakin Dorugu Schön ya ɗebi Hausa mai yawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito.

Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission, na Kiristocin Furotesta), wanda aka kafa a 1893, ya iso Damagaram a 1924, daga baya ya zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi. Katolika sun kafa mishan ɗinsu a Yamai a 1931. Turawan Faransa masu mulki ba su saki jiki da ƴan SIM ba, don masu jin Ingilishi ne kuma ta Najeriya suka ɓullo. Talakawa kuma suna kallon abin a matsayin addinin Nasara. An yi wa'azi a kasuwanni shekara da shekaru, waɗanda suka karɓa ba su da yawa.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne magani. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa, kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, kuma har yau mutane na zuwa can daga Adar, daga Gobir, har daga tsallaken iyaka. Aka kuma buɗe wurin kula da kutare a Danja. Duk wanda ya tashi a yankin Tawa ya san gidan da aka kai wani nasu Galmi a kwance ya dawo da ƙafarsa. Wannan shaida ce ta gaske, ba na rage mata komi. Sai dai ta zo da wani ruɗani: mutane da yawa suka ɗauka cewa saƙon Kirista shi ne kirki, allura da ƙwayar magani. Wasunmu ma muka ji daɗin hakan, don ya fi sauƙin faɗa. Amma kirki ba namu ba ne mu kaɗai. Maƙwabcina Musulmi yana fitar da zakka, yana ciyar da almajiri, yana zuwa gaisuwar mutuwa tun kafin in farka. In kirki ne kaɗai abin da muka kawo, to mun kai kaya kasuwar da ta riga ta cika da shi.

Mu da Musulmi mun haɗu a wurare da yawa. Dukanmu mun yarda Maryamu budurwa ce ta haifi Yesu, ya warkar da makafi da kutare, ya ta da matattu da ikon Allah, kuma akwai tashin ƙiyama. Inda hanya ta rabu shi ne gicciye. Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Linjila huɗun kuwa duka sun ce an gicciye shi a Urushalima zamanin Bilatus Babunti, aka binne shi, a rana ta uku aka tarar da kabarin ba kowa. Ba yadda za a yi a ɗinke waɗannan biyu su zama riga ɗaya, kuma wanda ya ce wa abokinsa duk ɗaya ne bai girmama shi ba.

Manzo Bulus bai ɓoye nauyin maganar ba. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 15, wadda ya rubuta kimanin shekara 25 bayan gicciyewar, ya ce in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyar masu bi ma banza ce, har yanzu suna cikin zunubansu. Ya jera waɗanda suka gan shi da rai: Bitrus, manzanninsa sha biyu, mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda yawancinsu suna raye sa'ad da yake rubutun, sa'an nan Yakubu, sa'an nan shi kansa. Abin da ke taɓa ni shi ne na farkon zuwa kabarin mata ne, Maryamu Magadaliya a gaba, a zamanin da ba a ba shaidar mace nauyi. Mai ƙaga labari da manyan maza zai fara. A wurinmu tashin nan shi ne hatimin da Allah ya buga cewa ya karɓi hadayar mutuwar Almasihu a kan gicciye, an yafe zunubi, mutuwa kuma ba ita ce ke da magana ta ƙarshe ba.

Ikilisiya ta koma hannun ƴan ƙasa sannu a hankali. EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a lokacin samun ƴancin kai. A 2001 Katolika suka kafa dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop guda ke jagoranta, wanda Tawa ke ƙarƙashinsa.

Sai Janairun 2015. Bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, tarzoma ta tashi a Damagaram ranar 16, ta iso Yamai ranar 17. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu, ƴan sanda kuma suka ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai. Kiristocin Nijar ba su zana komi ba, da yawanmu ma zanen ya ɓata mana rai. A ranakun nan akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a cikin ɗakunansu, wannan ba za mu manta ba. Shugabannin ikilisiyoyi kuma suka fito suka ce sun yafe, ba ramuwa. Wasu sun ɗauka tsoro ne na marasa yawa. Tsoro kam akwai shi, amma ni na san mutanen da suka faɗi maganar yafiyar nan daga zuci, don sun gaskata cewa wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara yana da rai. Paskar shekarar ta faɗo ranar 5 ga Afrilu, wasu suka yi ta tsakanin bangon da hayaƙi ya baƙanta. A shekarar ce kuma Laurent Lompo ya hau kujerar babban bishop na Yamai, ɗan Nijar na farko da ya riƙe ta.

Bitrus ya rubuta cewa mai bi ya zauna a shirye ya ba da amsa ga duk wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma da tawali'u da ladabi. Da ita na amsa wa dattijon nan. Na ce: "Baba, na san abin da Alƙur'ani ya ce, ban kuma raina shi a gabanka ba. Mu dai mun gaskata ya mutu da gaske, ya kuma tashi, shi ya sa muke murna." Ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa, ya ce Allah ne masani. Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne mata ne suka fara zuwa kabarin, na ce masa e, da sassafe, ranar Lahadi, ɗauke da kayan ƙanshi.