Salon gasa tsakanin 'yan wasa a gem na bidiyo

Salon gasa a gem shi ne duk wani tsarin wasa da ake haɗa mutum da mutum maimakon mutum da kwamfuta, kowa na neman ya ga bayan ɗan'uwansa, ko dai ɗaya da ɗaya, ko ƙungiya da ƙungiya, ko kuma a zuba taron jama'a wuri guda kowa tashi ta fisshe shi. Ya sha bamban da salon labari wanda mutum ke bi shi kaɗai daga mataki zuwa mataki, ya kuma sha bamban da salon haɗin gwiwa inda abokai ke taruwa su yaƙi kwamfuta. Gem ɗaya yakan ƙunshi salo da yawa, kuma abin da ke raba su doka ce: mutum nawa za su shiga, mi ake ƙirgawa, in an kashe ka kana dawowa ko ka fita ke nan, sannan yaushe wasa ke ƙarewa. Da an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan to wasan ya zama wani abu daban ko da taswira ɗaya ce bindigogi ɗaya ne.

Inda abin ya faro

Tun farkon gem akwai gasa tsakanin mutum da mutum. Spacewar! wanda Steve Russell da abokansa sunka haɗa a jami'ar MIT ta Amurka a 1962 jiragen sama jannati biyu ne mutum biyu ke tuƙawa suna harbin juna. A watan Oktoba na 1972 anka yi gasarshi a jami'ar Stanford, kyautar kuwa ita ce a riƙa aiko wa wanda ya ci mujallar Rolling Stone har shekara guda, yawancin masu tarihin gem wagga gasa suke ƙirgawa ta farko. A shekarar ne kuma Atari ya fitar da Pong.

Sai 1991 Capcom na Japan ya kawo Street Fighter II, Mortal Kombat ya biyo a 1992, sannan Doom na kamfanin id Software a Disambar 1993 wanda ya ba mutum huɗu dama su jona kwamfutocinsu da waya su yi ta farautar juna. John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda sunka ƙera shi, shi ya raɗa wa salon suna Deathmatch kuma sunan ya bi shi har yau. A 1997 wani matashi Dennis Fong ya ci gasar Quake, wani gem ɗin na id Software, anka ba shi motar Ferrari ta John Carmack, ɗaya daga cikin masu kamfanin, daga nan mutane sunka fara gane cewa abin nan fa zai iya zama sana'a.

Ɗaya da ɗaya

Wanga shi ne salon da munka fi sani a nan Gusau tun kafin wayar hannu ta kai hannun kowa, don shi ne na shagon gem. Duk wanda ya taɓa shiga irin shagunan nan na cikin unguwa ya san yadda suke, ɗaki ɗaya talabijin biyu ko uku, benci, fanka na juyawa da ƙyar, janareto na ruri a waje, yara sun yi cincirindo a bayan masu bugawa kowa ya zama koci. Hannu biyu ne, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, a jikin PlayStation kuma dokar shago ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta, wanda anka ci shi tashi, mai ci shi zauna. Za ka ji yaro ya juya wurin mai shago yana cewa "Yaya, wallahi hannun ga ba shi gudu, canza man", mai shago ko ɗago kai bai yi ba zai ce "Ƙane, da hannun ga anka ci mutum biyar yanzu, tashi ka ba wani". Ƙwallo ce ke da kasuwa, PES na Konami wanda anka mai da sunanshi eFootball a 2021, da FIFA na EA wanda ya faro a 1993 ya koma EA Sports FC a 2023 bayan sun rabu da hukumar ƙwallon ta duniya. Sai kuma Mortal Kombat, shi tsarinshi kamar dambe ne, turmi uku wanda ya ci biyu ya yi kisa.

A ganina har yanzu babu salon da ya kai wanga adalci, talabijin ɗaya kuke kallo, wuta ɗaya ce, in ta ɗauke ta ɗauke maku tare, kuma babu wanda zai ɗora laifi a kan abokin ƙungiya.

Na ƙungiya

Mafi sauƙi shi ne kisan ƙungiya, a raba mutane gida biyu, duk wanda anka harbe bayan 'yan daƙiƙu zai sake dawowa, ƙungiyar da ta fara cika adadin kisa ko ta fi yawa lokacin da agogo ya ƙare ita ta ci. A Call of Duty: Mobile wanda ya fito 1 ga Oktoba 2019 biyar da biyar ake yi. Sabon shiga da nan ya kamata ya fara tunda mutuwa ba ta da tsada.

Sai salon da ke da manufa, kuma nan ne ake gane mai hankali da mai son harbi kawai. Akwai na satar tuta, ka shiga gidan abokan gaba ka ɗauko tutarsu ka kawo naku alhali taku na nan ba a taɓa ta ba. Akwai na riƙe wuri, wurare uku A da B da C maki na hawa muddin kuna riƙe da su. Duk wanda ya yi langa yana yaro ba ya buƙatar dogon bayani, ai a langa ba yawan waɗanda ka kayar ake dubawa ba, a kai ruwa gida shi ne magana, kana iya tsayawa kana ta ture mutane a gefe kana jin kai gwani ne ashe an bar ruwanku shi kaɗai an kayar da shi. Haka yake a gem, sau da yawa mai kisa mafi yawa yana cikin ƙungiyar da anka ci.

Na uku shi ne mai rai ɗaya a kowane zagaye, kuma Counter-Strike ne ubansu. Ɗalibai biyu Minh Le da Jess Cliffe sunka ƙirƙiro shi a 1999 daga cikin gem ɗin Half-Life kafin kamfanin Valve ya ɗauke su. Biyar na neman dasa bam biyar na hanawa ko su kwance shi, in ka mutu sai dai ka zama ɗan kallo har zagaye ya ƙare, kuma kuɗin sayen makami a zagaye na gaba ya danganta da abin da kunka yi a na baya, shi ya sa wani lokaci ƙungiya kan haƙura ta shiga da ƙaramar bindiga don ta tara na gaba. A Counter-Strike 2 na 2023 wanda ya fara cin zagaye 13 shi ke da wasa. Clash Squad na Free Fire da yaranmu ke bugawa huɗu da huɗu daga wanga tsari anka samo shi, sai dai an gajarta, zagaye huɗu kawai ake nema.

Akwai kuma irin su League of Legends na 2009 da Dota 2 na 2013 da Mobile Legends na 2016, biyar da biyar kowa da jaruminsa, hanyoyi uku, a rushe gidan abokan gaba. A Asiya da Turai su ne manya, gasar Dota 2 ta 2021 kuɗin da anka raba sun haura dala miliyan 40, amma a nan ba su cika karɓuwa ba, wasa ɗaya a kwamfuta yakan ci fiye da rabin awa kuma in sabis ya yanke ka cuci mutum huɗu.

Kowa tashi ta fisshe shi

Salon da ya mamaye wayoyi yanzu shi ne wanda 'yan gem ke ce wa BR, sunan ya samo asali daga wani fim na Japan mai suna Battle Royale na shekarar 2000. Brendan Greene ɗan ƙasar Ailan shi ya daɗe yana gwada tsarin kafin ya haɗu da wani kamfanin Koriya ta Kudu su fitar da PUBG a Maris 2017, Fortnite ya kawo nashi a Satumba, Free Fire na Garena ya biyo a ƙarshen shekarar. Mutum 100 ne a PUBG, ana ɗauko su a jirgi kowa ya zaɓi inda zai diro da lema hannu rabbana, sai ka shiga gidaje ka tsinci bindiga da harsashi da sulke da magani. Abin da ya sa tsarin ke aiki shi ne da'irar da ke ta matsewa, wadda ake ce wa zon, duk wanda ke wajenta jininshi zai yi ta raguwa, don haka mai ɓuya a cikin ciyawa dole wata rana ya fito. Wanda ya rage na ƙarshe, ko sikwad, wato ƙungiyar da ta rage, su ke da nasara.

Duk lokacin da na ga mutane na zubowa daga jirgin nan sai in tuna Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, masunta dubbai sun jeru bakin ruwa da homa da gora ana jiran a harba bindiga, da an harba kowa ya ruga, wani ya nufi inda jama'a ta yi yawa wani ya ware gefe, ga gwaninta ga kuma rabo. Bambancin kawai shi ne a Argungu mai babban giwan ruwa ake nema, a nan kuwa mai tsawon rai. Kuma rabon nan yana cikin abin da ya sa salon ya karɓu, ɗan koyo ma yana iya kai wa goman ƙarshe in ya iya laɓewa.

Free Fire ya fi shiga hannun talaka saboda dalili a fili, mutum 50 ne kawai, wasa kamar minti goma, kuma ƙaramar waya na ɗaukarshi.

Ranki da yadda ake haɗa mutane

Kusan kowane gem na da wasan shaƙatawa da kuma wasan ranki inda ake hawa ana sauka. Tushen lissafin daga wasan ces, darar Turawa, ya zo, wani malamin kimiyya Arpad Elo, haifaffen Hangari mazaunin Amurka, shi ya tsara shi, hukumar ces ta Amurka ta karɓa a 1960 ta duniya kuma a 1970. Kowa na da lamba, in ka ci wanda ya fi ka lamba za ka samu maki mai yawa, in ka ci na ƙasa da kai ɗan kaɗan ne, in kuwa shi ya ci ka to ka yi babbar asara. Tazarar maki 200 na nufin ana sa ran babban ya kwashi kusan kashi 76 cikin ɗari, tazarar 400 kuwa kusan 91. Microsoft ya fitar da nashi mai suna TrueSkill a 2005 don ya dace da wasan ƙungiya. Sunayen matakai irin su Legendary a Call of Duty ko Conqueror a PUBG Mobile ko Grandmaster a Free Fire riga ce kawai anka sa wa wagga lamba, kuma duk ƙarshen kaka ana sauko da kowa ƙasa don a sake hawa. Masu maguɗi da manhajar gani ta bayan bango da gwanayen da ke buɗe sabon akawun don su yi ta cin yara su ne ke ɓata lissafin.

Sabis

Lissafin Elo ya ɗauka cewa kowa a fili ɗaya yake, mu kuwa a nan mun san ba haka ba ne. Duk abin da ka danna sai ya tafi wurin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, ya dawo, tsawon wagga tafiya shi ake kira ping, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Saƙo a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kuwa kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa ka ga 70 ta tafi ke nan tun ba a sa nisan Gusau zuwa Legas da cunkoson eriya da yamma ba. To in sabar na Turai, wanda ke zaune kusa da ita yana kan 20 kai kana kan 150, a gem mai hoto 60 a daƙiƙa ya riga ka gani da kusan hoto takwas, shi ya sa za ka ga ka shige bayan bango amma an kashe ka. Ga wayar da ke zafi tana sarƙewa, ga caji, ga data.

A Satumbar 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga duk wanga salo na intanet ya tsaya cak, makonni babu ranki babu sikwad, sai shagunan gem da Ludo a waya ɗaya ana miƙa wa juna sunka dawo da ƙarfinsu. Kuma ina fahimtar dattijon da ranshi ke ɓaci in ya ji ƙarar harbi na fitowa daga wayar jikanshi, a jihar da mutane sunka ji ta gaske sunka rasa 'yan'uwa ba za ka ce mashi ai wasa ne kawai ba, ko ni in ina cikin mutane ina kashe sautin.

Kuɗi

Yawancin waɗannan gem kyauta ake saukewa, ribar kamfani na fitowa daga sayar da kayan ado da tikitin kaka. Inda matsala take shi ne akwatin sa'a, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba, kamar fakitin 'yan wasa na Ultimate Team da EA ya fara a 2009, ƙasar Beljiyam ta ce irin wanga caca ce tun 2018. A shagunanmu ma akwai masu ɗora kuɗi a kan wasa, kuma yawancin rigimar da ake yi daga nan take tashi, shi ya sa wasu masu shago ke hanawa gaba ɗaya. Ta ɓangaren manyan gasa kuwa abin ya yi nisa, Kyle Giersdorf yana ɗan shekara 16 ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite ta 2019, sannan Saudiyya ta fara shirya kofin duniya na gem a Riyad a 2024 da kuɗin da sunka haura dala miliyan 60.