Ƙungiyoyin ceton karnuka a Amurka da dokar hana zaluntar dabbobi

Ƙungiyar ceton karnuka, a yadda abin yake a Amurka, taron mutane ne masu zaman kansu da ke kwaso karnukan da aka yasar ko aka gallaza wa ko waɗanda gidan ajiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ya cika ya rasa inda zai kai su, su yi musu magani da rigakafi da fiɗiya, sannan su nemo mai riƙo ya biya wani kuɗi ya tafi da shi. Da yawansu ma ba su da gini, a gidajen 'yan sa-kai karnukan ke zama. Matsalar ita ce kalmar ceto ba ta da mai ita, kowa zai iya buɗe shafi a Facebook yau ya sa hoton kare mai ƙirci gobe ya fara karɓar gudunmawa.

Abin da mutane suka fi ruɗuwa da shi rajistar haraji ce, wadda ake ce wa 501(c)(3). Ita dai tana nufin hukumar haraji ta IRS ta yarda ƙungiyar ba ta neman riba ba ce, shi ke nan, babu ma'aikacin haraji da zai je ya leƙa keji ya ga akwai ruwan sha ko babu. Amma tana da ɗan amfani, don ƙungiya mai rajista tana cike fom 990 duk shekara kuma kowa na iya dubawa ya ga shige da ficen kuɗi, sai dai ƙananan ƙungiyoyi ɗan gajeren fom suke cikewa wanda kusan ba ya faɗin komai. Dokar tarayya ta 1966 kan walwalar dabbobi kuwa ta fi maida hankali kan dillalai da manyan masu kiwo da ɗakunan bincike. Lasisi lamari ne na jiha, Kolorado tana ba su lasisi tana aika masu dubawa, wata jihar kuwa ko oho.

To ta yaya ake gane ta gaskiya? Masu harkar ba su cika kallon takarda ba, tambaya suke yi. Wane likitan dabbobi ne ke duba muku karnuka, a ba ni sunansa in kira. Daga ina wannan karen ya fito. Zan iya zuwa in gan shi inda yake kwana? Ƙungiya ta gari ita ma sai ta titsiye ka da tambayoyi har ka ji haushi, wa ke gidan, akwai katanga, mai gidan haya ya yarda, kuma za ta sa ka sa hannu cewa in riƙon ya gagara ita za ka dawo wa da karen. Wanda kuwa ya ce ku haɗu a filin ajiye motoci ka taho da tsabar kuɗi, kuma kullum 'yan kwikwiyo masu tsada ne a hannunsa babu tsohon kare ko ɗaya, wannan kura ce da fatar akuya.

A 2018 jaridar Washington Post ta bankaɗo cewa masu alaƙa da ƙungiyoyi 86 na Amurka da Kanada sun kashe dala miliyan 2.68 tun daga 2009 wajen sayen karnuka 5,761 a gwanjo biyu da ke jihar Mizuri, wato kuɗin da jama'a suka bayar don a yaƙi masu kiwon kasuwa ya koma aljihun masu kiwon. Su a ganinsu fansa suka yi. Akwai kuma wanda ba ɗan damfara ba ne sam, tausayi ne ya yi masa yawa ba ya iya cewa a'a, daga goma sun zama ɗari, kuɗin abinci ya ƙare, keji kan keji, warin fitsari ya hana shiga ɗakin, an gudu ba a tsira ba kenan.

Wajen hukunci, asalin abin daga Ingila ne, dokar hana zaluntar dabbobi ta ɗan majalisa Richard Martin ta 1822 sai ƙungiyar kare dabbobi da aka kafa a 1824 wadda ta zama RSPCA. A Amurka Henry Bergh ya kafa irinta, ASPCA, a Niyok a 1866 kuma jiha ta ba ta ikon aiwatar da dokar, haka aka yi ta tafiya har farkon 2014 da aikin ya koma hannun 'yan sandan birnin. A shekarar ne Dakota ta Kudu ta zama ta ƙarshe cikin jihohi 50 da ta maida mummunan zaluntar dabba babban laifi. Hukumar binciken laifuka ta FBI ta fara ƙirga shi daban a ƙididdigar laifuka a 2016, dokar tarayya ta PACT ta 2019 kuma ta kawo ɗaurin da zai iya kai shekara 7.

Amma fa ƙungiyar ceto ba hukuma ba ce. A idon doka kare dukiya ne, in ɗan sa-kai ya haura katanga ya kwance shi komai ramarsa, sata za a rubuta. Sai a kai rahoto ga jami'in kula da dabbobi ko ɗan sanda, kotu ta ba da izinin bincike, likita ya rubuta abin da ya gani, kuma karnukan su zauna a matsayin shaida wata da watanni ana ciyar da su. A shari'ar Michael Vick, ɗan ƙwallon Atlanta Falcons da aka ɗaure wata 23 a 2007 kan haɗa karnuka faɗa a Bajiniya, kotu ba ta miƙa karnukan ga duk wanda ya ɗaga hannu ba, malamar shari'a Rebecca Huss aka naɗa ta tantance ƙungiyoyin, karnuka 22 suka tafi ƙungiyar Best Friends a jihar Yuta, Vick ya biya kusan dala miliyan 1 na kula da su.

Shigo da karnuka daga waje ma ya jawo magana bayan an samu masu ciwon hauka da ƙungiyoyin ceto suka kawo daga Masar. A Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta dakatar da shigo da su daga ƙasashe sama da 100, har da Najeriya, kuma daga 1 ga Agustan 2024 duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata 6 da 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatarsa.