Waiwaye Kan Ma'aunin Google: Wa Ya Hau, Wa Ya Sauka

A tsakiyar watan Nuwamban 2003, saura makonni kaɗan a yi Kirsimeti, lokacin da ciniki ke kan ganiyarsa a Amurka da Turai, ɗimbin masu ƙananan shagunan intanet suka wayi gari suka tarar sun ɓace daga shafin farko na Google. Kayansu na nan jibge a sito, farashi bai canza ba, shafinsu na buɗewa lafiya lau. Mai saye ne ya daina ganin ƙofa. Wanda jiya yake na uku a jeri, yau sai a bi shafi goma ba a ci karo da shi ba. Masu sana'ar suka raɗa wa abin suna Florida. Daga nan ne mutane da yawa suka soma gane cewa abincinsu na rataye da wani lissafi da ba su taɓa gani ba, wanda mai shi ke iya juya shi cikin dare ba tare da sallama ba.

Lissafin nan shi ake kira algoridim, wato ƙa'idojin da injin bincike ke bi ya auna miliyoyin shafuka, ya yanke wanda zai ɗora sama da wanda zai tura ƙasa. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken intanet a duniya ta Google ake yin sa, kuma galibin mutane ba sa wuce shafin farko. Ke nan ma'aunin kamfani guda ne ke raba wa kowa kasonsa.

Kafin Google, injuna irin su AltaVista da Lycos da Excite sun fi dogara ne da ƙidayar kalmomi. Idan ka nemi takalmin gudu, shafin da ya fi nanata waɗannan kalmomi shi zai riga zuwa. Ba a daɗe ba masu wayo suka gano lagon. Za ka buɗe shafi ka ga rubutu ya ƙare, amma ƙasansa fili ne fari fat, dogo. Ka ja linzamin kwamfuta ka shafa filin, sai kalmomi su bayyana reras, an rubuta su da farin launi a kan fari: kalma ɗaya sau ɗari, har da sunayen fitattun mutanen da ba su da wata alaƙa da abin da ake sayarwa. Injin aka rubuta wa su, shi ya sa aka ɓoye wa mutum.

Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford, suka zo da wata dabara daban, wadda a kanta suka kafa Google a 1998. Suka ce a daina tambayar shafi abin da yake faɗa game da kansa, a duba su wa ke nuna shi. Duk mahaɗin da wani shafi ya saka zuwa naka, wato wurin da ake latsawa a tsallaka daga can zuwa gare ka, tamkar shaida ce ya yi maka, kuma shaidar mai daraja ta fi ta wanda ba a san shi ba nauyi. Suka kira tsarin PageRank. Hikimar a fili take: yabon kai jahilci, kowa na iya yi, amma samun yabon wasu sai an yi aiki. Shekarun farko sakamakon ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa jama'a suka yi ƙaura zuwa Google.

Sai dai shaidar ba ta jima ba ta koma haja. A shekarar 2000 Google ya fitar da wata ƴar manhaja da ake liƙa wa burauza, mai ɗan koren layi da ke nuna makin kowane shafi daga 0 zuwa 10. Nan da nan mahaɗi ya samu farashi. Mai maki 7 ya fi mai maki 4 tsada. Ana saye, ana musaya, ana gina ɗaruruwan shafukan bogi da ba su da aikin yi sai nuna juna. Sana'ar gyara shafi don ya hau sama, wadda ake kira SEO, ta rabu gida biyu: masu gyara na gaskiya da masu neman ɓarauniyar hanya. Manya ma ba su tsira ba. A 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus daga jerinsa na ɗan lokaci saboda shafukan yaudara. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney ke zuwa na ɗaya a neman kayayyaki iri-iri, daga riguna zuwa kayan ɗaki, albarkacin dubban mahaɗai da aka shuka a shafukan da ba ruwansu da kantin. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, amma sai da ya shafe kusan wata uku a can ƙasa.

A wannan watan ne kuma aka yi girgizar da har gobe ake tunawa. Tushenta na komawa 2003, lokacin da AdSense, tsarin talla na Google, ya ba kowane mai shafi damar ɗora talla ya samu kuɗi. Abu ne mai kyau, domin ya rayar da ƙananan marubuta da yawa. Amma shi ne ya haifi abin da aka kira gonakin rubutu. Kamfani zai duba tambayoyin da mutane suka fi yi, ya ba marubuta ladan da bai taka kara ya karya ba, su yi ta zubo maƙaloli gajeru dubu bisa dubu. Ka nemi yadda ake gyara famfo mai yoyo, ka karanta sakin layi biyar, ka tashi ba ka ƙaru da komai ba, talla kuwa ta yi maka ƙawanya hagu da dama. Sauyin da aka kira Panda, da sunan injiniyan kamfanin Navneet Panda, su ya nufa, kuma Google ya ce ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. Sabon abu a cikinsa shi ne hukuncin na hawa kan shafi ɗungurungum. Idan rubutu maras amfani ya yi yawa a gidanka, har mai kyan zai ja ƙasa. Daga baya kamfanin ya wallafa wasu tambayoyi da ya ce mai shafi ya yi wa kansa, ciki har da wannan: za ka yarda ka ba wannan shafi lambar katin bankinka?

Bayan shekara guda, a Afrilun 2012, Penguin ya biyo baya, shi kuma mahaɗan saye ya sa wa ido. Abin da jiya jari ne, yau ya zama bashi. Mai shafi zai zauna gaban dogon jadawali mai dubban adireshi, yana aika saƙo ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a cire mahaɗin da shi da kansa, ko wanda ya ɗauka aiki shekarun baya, ya biya aka saka. Wasu su yi gum. Wasu su ce sai an biya kuɗin cirewa. A Oktoban shekarar Google ya samar da hanyar da mutum zai miƙa jerin mahaɗan da ya barranta da su. To amma a wancan lokacin ko ka gama wanke kanka, ba za ka ga sauyi ba sai an sake juya Penguin, kuma tsakanin Oktoban 2014 da Satumban 2016 ba a yi wani sabon zagaye ba. Kusan shekara biyu ke nan. Ƙaramin kasuwanci nawa ne zai iya jiran wannan?

Ni dai ina ganin Panda da Penguin sun yi wa mai karatu adalci, kuma intanet ta fi tsabta bayansu. Abin da ke damuna shi ne wanda tsautsayi ya rutsa da shi. Mai ƙaramin shago da ya ba wani kuɗi ya tallata masa shafi bai san me aka yi da sunansa ba. Idan ma'aikacin Google ne ya hukunta ka da hannu, ana sanar da kai, kana iya neman a sake duba lamarinka. Idan kuwa lissafi ne ya saukar da kai, babu takardar tuhuma, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Layin da ke nuna yawan maziyarta ne kawai za ka ga ya karye ya yi ƙasa, kai kuma ka yi ta lalube a duhu.

Shekarun da suka biyo baya hankali ya koma kan fahimtar abin da mai tambaya ke nufi. Hummingbird ya zo a 2013, RankBrain a 2015, BERT a 2019, kowanne yana ƙara wa injin iya gane jimla sukutum maimakon tsintar kalmomi. A 2014 shafi mai tsaron HTTPS ya samu ɗan fifiko, ranar 21 ga Afrilun 2015 kuma aka soma fifita shafin da ke karantuwa da kyau a waya. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su jawo kuka sosai ba, domin an faɗi abin da ake so tun da wuri, kuma gyaran na hannun mai shafi.

Sauyin Agustan 2018 ya sha bamban. Ya fi taɓa shafukan lafiya da na harkar kuɗi, har aka yi masa laƙabi da Medic. Daga nan maganar ƙwarewa da cancanta da amana ta shiga bakin kowa. Dalilin mai ƙarfi ne, domin shawarar magani ta ƙarya na iya kashe mutum. Amma injin ba ya iya duba takardar shaidar likita, alamu yake bi, kuma alamun sun fi taruwa a wajen manyan sunaye. A hankali sai saman jeri ya soma cika da gidajen da dama can sun yi suna.

Akwai kuma sauyin da ba a cika lissafa shi cikin sauye-sauyen algoridim ba, alhali ya fi wasunsu tasiri a kan masu talla: siffar shafin sakamakon kanta. A Fabrairun 2016 Google ya kwashe tallace-tallacen da ke gefen dama, ya ba da damar jera har guda huɗu a sama. Ga taswira, ga akwatin amsa, ga hotunan kaya. A allon waya, wanda ya zo na ɗaya da guminsa sai an gangara kafin a gan shi. Kamfanoni suka koma sayen talla har a kan sunansu na kansu, don kada abokin hamayya ya zauna a samansu. A Yunin 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na kwatanta farashi a kan na wasu, kuma babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a Satumban 2024. Masu dabara cikin ƴan kasuwa suka karkata ga tara adireshin imel na abokan cinikinsu da gina mabiya a YouTube da Instagram, don kada igiyarsu ta zama guda ɗaya.

A Agustan 2022 aka ƙaddamar da tsarin da aka ce zai fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane. Zagayensa na Satumban 2023 ya yi wa ƙananan mawallafa masu zaman kansu mummunan lahani, irin masu sayen kaya su gwada da hannunsu kafin su rubuta, da masu rubutun tafiye-tafiye. Da yawa sun ce maziyartansu sun kusa ƙarewa, yayin da dandalin tattaunawa na Reddit da manyan mujallu ke hawa. A Maris ɗin 2024 Google ya sake wani babban sauyi, ya ce burinsa rage tarkacen rubutu da kashi 40 cikin 100. Buƙatar ta gaskiya ce, domin tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke iya tsara rubutu da kanta, a Nuwamban 2022 gonar rubutu ba ta ma buƙatar marubuta. Sai dai da yawa daga masu aikin gaskiya da suka faɗi a 2023 ba su sake komawa inda suke ba.

Duk waɗannan sauye-sauye, daga Florida zuwa nan, rigima ce a kan wa zai zauna a sama. Ƙarƙashinsu akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba amma kowa ya san da ita: ka bar injin ya karanta shafinka kyauta, shi kuma ya turo maka baƙi. A Mayun 2024 Google ya soma ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa ƙasashe da dama. Injin ya karanta shafuka, ya taƙaita, ya miƙa wa mai tambaya amsa a wuri guda. Cibiyar bincike ta Pew ta bi sawun masu amfani da intanet a Amurka a 2025, ta gano cewa idan taƙaitawar ta bayyana, kashi 8 cikin 100 ne kawai na ziyarce-ziyarcen ke ƙarewa da latsa wani sakamako, idan babu ita kuwa kashi 15 ne. Google ya ƙi amincewa da hanyar da aka bi wajen binciken, yana cewa har yanzu yana tura wa shafuka biliyoyin maziyarta kullum.

A nan ne nake ganin lamarin ya wuce duk na baya. Wanda Panda ya kayar yana iya inganta rubutunsa, wanda Penguin ya kama yana iya wanke mahaɗansa. Wanda ya zo na ɗaya amma ba a latsa shi ba, me zai gyara? Idan ya hana injin ɗibar rubutunsa, ya rage wa kansa fitowa a binciken da kusan kowa ke amfani da shi. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba, bayan an bayyana a gaban kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama injin da ke zuwa a saite a wayoyi da burauzoji. A Fabrairun 2025 kamfanin ilimi na Chegg ya kai ƙara kan waɗannan taƙaitattun amsoshi, a Satumba kuma Penske Media, mai mujallun Rolling Stone da Variety, ya bi sahu. Waɗannan suna da lauyoyi da kuɗin shari'a. Mai shafi ɗaya da kwamfuta ɗaya, wanda ya kwana yana gwada kaya don ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, har yanzu layin maziyarta yake dubawa kowace safiya.