Filin Wasan Yara na Kowa da Kowa

Filin wasa na kowa da kowa wuri ne da ake tsarawa a unguwa ko a makaranta domin yara masu nakasa da marasa nakasa su yi wasa tare, a kan kayan wasa ɗaya, a lokaci ɗaya. Masu tsara filaye suna bambanta shi da filin da ake iya shiga kawai. A irin wancan, yaro mai keken guragu yana iya kaiwa bakin lilo, amma daga nan sai kallo. A filin kowa da kowa akwai lilon da zai hau, kuma a jere yake da na sauran yara. A kan wannan bambanci aka gina fannin baki ɗaya.

Yawan yaran da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yara masu nakasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato kusan ɗaya cikin goma. Mutane da yawa in an ce nakasa sai keken guragu ya faɗo musu a rai, alhali masu amfani da keke kaso ne ƙarami a cikinsu. Akwai makafi da masu raunin gani, da kurame, da masu jinkirin fahimta, da masu lalurar otizim da ake kira galahanga. Akwai kuma uwa ko kaka mai dogara sanda da ta kawo yaro, wadda in ba ta iya shiga filin ba, shi ma yaron ba zai daɗe a ciki ba.

Asali da dokoki

A 1943 aka buɗe wani fili a Emdrup, a birnin Kofanhegin na Denmak, bisa shawarar mai tsara lambuna C. Th. Sørensen. Katako da bulo da tarkace aka zuba wa yara, aka bar su su gina abin da suka ga dama. Wata Baturiyar Ingila, Lady Allen ta Hurtwood, ta ziyarci wurin bayan yaƙin duniya na biyu, ta koma gida tana yayata shi, kuma da ƙoƙarinta aka buɗe irinsa na yara masu nakasa a unguwar Chelsea ta Landan a 1970. Ra'ayinta shi ne yaro mai nakasa ma yana son hawa da tsalle da ɓata kayansa da taɓo, kamar kowane yaro. A 1984 birnin New York ya buɗe wani fili a gundumar Queens wanda tun daga zane aka yi shi domin yara masu nakasa da marasa ita su haɗu.

Tunanin da ya fi tasiri daga baya ya fito ne daga Ronald Mace, wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka da shan-inna ta kama tun yana yaro, ya rayu a kan keke. Shi ya yaɗa manufar a ƙera abu tun farko yadda kowa zai iya amfani da shi, maimakon a gama sannan a yi masa kwaskwarima. A 1997 shi da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar North Carolina suka wallafa ƙa'idoji bakwai na wannan tsari.

Ta fuskar doka, sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya amince da wasa a matsayin haƙƙin yaro. Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006 ta ƙara da cewa, a sashe na 30, yara masu nakasa su samu damar wasa daidai da sauran yara, har da cikin makaranta. Amurka ta sa filayen wasa cikin ƙa'idojin 2010 na dokarta ta masu nakasa, Turai kuma tana aiki da ma'aunan kare lafiyar yara a filin wasa, EN 1176 da EN 1177. Waɗannan ma'aunai mafi ƙarancin abin da ake buƙata suke faɗa. Ana iya cika su tsaf, a samu filin da ba yaron da ke marmarin komawa.

Ƙasa da hanya

Abin da ya fi yanke hukunci a kan wa zai yi wasa da wa zai yi kallo shi ne abin da aka shimfiɗa a ƙasa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi idan kuɗi suka yi kaɗan. Matsalar tana da fuska biyu masu karo da juna. Faɗuwa ce kan gaba wajen jikkata yara a filin wasa, don haka ana son ƙasa mai taushi. Taya kuwa, ta keke ko ta abin koyon tafiya, ƙasa mai tauri take so. Yashi da ƙananan tsakuwa suna tare faɗuwa da kyau, amma ƙananan tayoyin gaban keke suna nutsewa a ciki tun a takun farko. Siminti da kwalta sun dace da taya, sai dai ba su da sassauci ga kan yaro.

Mafitar da aka fi bi ita ce shimfiɗar roba, wadda ake zubawa ta daskare ko ake jerawa fale-fale. Tana da tsada, tana ɗaukar zafi sosai a rana, kuma in gefenta ya ɗago sai ta zama abin tuntuɓe. Akwai kuma ɓarzajjen katako da ake sarrafawa musamman, wanda in an danne shi yana ɗaukar keke. Shi ya fi araha, amma yana son kulawa, domin ƙafafun yara suna haƙe rami a ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya. Da yawan masu zane sukan haɗa biyun: roba a hanyoyi da inda ake hawa da sauka, abu mai araha a sauran wurare.

Ƙa'idar Amurka ta ce hanyar da ke ƙasa ta kai faɗin inci 60, kimanin mita ɗaya da rabi, yadda keke biyu za su gifta juna. Gangarar da ke kaiwa saman kayan wasa kada ta wuce ɗaya cikin goma sha biyu, ma'ana hawan mita ɗaya yana cin aƙalla mita 12 na tsawo, ban da wuraren hutawa. Shi ya sa wasu ke tara ƙasa su yi tudu, hanya ta zagaya shi a hankali har sama, a kwantar da abin zamiya a jikinsa. Kowa ya isa ƙololuwa, kuma ba inda za a faɗo daga nesa. Inda babu gangara, ana sa wani dakali mai tsayin inci 11 zuwa 18 da yaro zai zame daga kekensa ya hau. Dabara ce mai amfani ga mai ƙarfin hannu kaɗai.

Kayan wasa

Lilo mai faɗi kamar faranti, wanda yara uku ko huɗu ke zama ko kwanciya a ciki, ya fi lilon keke na musamman da ake killacewa da shinge a gefe, har a sa masa kwaɗo. Na farkon yana tara yara, na biyun yana nuna yaro da yatsa. Haka majaujawar da aka binne ta yi daidai da ƙasa: keke ya shiga kai tsaye, sauran yara su tura. Teburin yashi ko na ruwa da aka ɗaga, aka bar wurin gwiwa a ƙarƙashinsa, shi ma yana haɗa mai tsaye da mai zaune fuska da fuska.

Wasu abubuwan ba a ganinsu sai an sani. Abin zamiya na roba yana tara lantarki a jikin yaro, wanda kan iya dagula na'urar ji da ake dasa wa kurame a kunne, shi ya sa ake so a samu na ƙarfe ko guda ɗaya, a inuwa don kada ya ƙona fata. Mai raunin gani yana buƙatar launin bakin matakala ya bambanta sosai da na ƙasa, kuma taushin ƙasa ya canja kafin a shiga gaban lilo. Yaro mai galahanga kan gaji da hayaniya, sai ya nemi ɗan lungu ko bukka da zai shiga ya huce yana hangen sauran. Wasu daga cikin irin waɗannan yara sukan ruga ba tare da lura da mota ba, don haka shinge mai ƙofa ɗaya da ake gani daga wurin zaman iyaye yana da muhimmanci. Allon hotuna, inda yaron da ba ya magana zai nuna ruwa ko lilo ko banɗaki, abu ne mai sauƙi da ya yaɗu a 'yan shekarun nan.

Kasada da haɗari

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sauƙaƙe komai har filin ya zama lami. Wata mai bincike 'yar Norway, Ellen Sandseter, ta kasa wasan kasada gida shida a 2007, ciki har da hawa sama, da gudu mai tsanani, da kokawa, da ɓuya daga idon manya. Masana suna raba kasadar da yaro ke gani ya auna da kansa, da haɗarin da ba ya iya gani, kamar ruɓaɓɓen katako ko ramin da kai zai maƙale. Ma'aunai sun hana barin tazara tsakanin kimanin santimita 9 zuwa 23, saboda jikin ƙaramin yaro yana wucewa, kansa ya kasa. Irin wannan ake kawarwa. Kasadar kuwa ana jera ta hawa-hawa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a kan abu guda.

A makaranta

Filin makaranta yana da nasa hali: ɗaruruwan yara ne ke fitowa lokaci ɗaya na 'yan mintoci. In ba a raba shi ba, ƙwallon ƙafa ke cinye tsakiya, ƙananan yara da 'yan mata da masu nakasa su koma jikin bango. Birnin Biyana na Ostiriya ya lura da makamancin haka a lambunansa, inda 'yan mata ke daina zuwa in sun fara tasawa, ya sake tsara lambun Einsiedler wajen shekarar 2000, ya ƙara ƙofofi ya rarraba filin ƙanana-ƙanana. Wasu makarantu suna bin wannan dabara: ɓangaren gudu, ɓangaren natsuwa, da wurin tayoyi da kwalaye da igiyoyi da yara ke jujjuyawa yadda suke so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 a rana ga masu shekara 5 zuwa 17, kuma lokacin tara na iya ɗaukar kaso mai kyau na wannan.

Kafin a yi zane, akan zagaya wurin tare da yaran da iyayensu, domin su ne ke lura da abin da takarda ba ta nunawa: ƙofar da ta yi nauyi, ko rashin inuwa, ko banɗakin da ba shi da gadon da za a canja wa babban yaro kaya. Bayan buɗewa kuma sai a ware kuɗi da mutumin da zai riƙa duba kusoshi da sarƙoƙin lilo, yana cike ramukan da ƙafafu suka haƙa.