Bindiga mai araha a Amurka: me doka ke aunawa, me ta bar wa mai saye

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a tsakanin masu sayen bindiga a Amurka, wai ƙaramar bindigar nan ta dala 150 ko 200 za a iya dogara da ita kuwa, ko dai mutum ya daure ya tara dala 500 zuwa 600 ya sayi mai suna. Mutane da yawa in sun ga abu a shagon dillali mai lasisi sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai da ba ta da kyau gwamnati ba za ta bari a sayar ba. Toh nan ne kuskuren yake, kuma shi ne abun da ya sa nake son in warware dokar dalla dalla, don wannan kuskure ne da kan ci rai.

Amurka na da hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi, an kafa ta a 1972, ita ce ke da ikon ta ce a janye gadon jarirai ko na'urar ɗumama ɗaki ko kayan wasan yara daga kasuwa in an ga suna da haɗari. Amma majalisa ta cire bindiga da harsashi daga hurumin hukumar, a 1976 ma ta sake jaddada hakan. Ma'ana bindigar roba ta wasan yara hukuma na iya tilasta a janye ta, ta gasken kuwa babu wata hukumar tarayya da za ta tilasta wa kamfani ya janye ta ko da tana tashi da kanta in ta faɗi ƙasa. Hukumar ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, da ake yawan ambata aikinta lasisi ne da bin sawun bindigogi da kama masu safara, ba ta gwada ingancin bindigar da aka ƙera a cikin ƙasar. Duk janyewar da ka ji an yi, kamfani ne ya yi don kansa ko kuma ƙara a kotu ta matsa masa.

Asalin maganar bindiga mai araha a doka ya koma 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King a watan Afrilu, aka kashe Robert Kennedy a watan Yuni. A watan Oktoba shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar taƙaita bindigogi. Lokacin kasuwa cike take da ƙananan libarba, wato bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa, masu arha da ake shigowa da su daga Turai, musamman Jamus, har aka laƙaba musu suna Saturday night special, wato bindigar daren Asabar, irin wadda ake zarowa a faɗan mashaya. Dokar ba ta ce kada a sayar da bindiga mai arha ba, abun da ta ce shi ne ba za a shigo da bindiga daga waje ba sai wadda ta dace da wasanni kamar farauta da harbin gwaji. Daga nan aka fito da tsarin maki: bistol sai ta samu maki 75, libarba maki 45, ana ba da makin ne bisa tsawo da nauyi da girman harsashi da irin ƙarfen jiki da makullin kariya da kuma irin saitin da ake auna hari da shi. Bistol dole tsawonta ya kai inci 6, tsayinta inci 4, libarba kuma bututunta ya kai inci 3.

Ka lura girma da siffa ake aunawa nan, ba a harba bistol ɗin a ga ko tana cijewa. Shi ya sa dokar ta haɗa har da Walther PPK, bindigar Jamus mai tsada mai inganci, kawai don ta yi ƙanƙanta, sai da kamfanin ya ɗan ƙara mata jiki ya fito da PPK/S kafin ta shiga. Masu arhar kuwa suka samu hanya cikin sauƙi tunda dokar ba ta taɓa abun da ake ƙerawa a gida ba. Kamfanin Röhm na Jamus ya riƙa turo sassa ana harhaɗawa a Miami, kuma da irin wannan libarbar ce, RG-14, John Hinckley ya harbi shugaba Ronald Reagan da kakakinsa James Brady ranar 30 ga Maris 1981, a shagon jingina ya saye ta a Dallas kan ƙasa da dala 50. A kudancin Kalifoniya kuma George Jennings ya kafa Raven Arms a 1970, daga baya danginsa da na kusa da shi suka buɗe Jennings da Bryco da Davis da Lorcin da Phoenix, duk a kewayen Los Angeles, suna zuba bistol na gamin tutiya, wato zinki, suna sayarwa da arha sosai. Dokar da aka yi don rufe ƙofar waje ita ta buɗe musu kasuwa.

Da jihohi suka ga haka sai kowace ta kama tata hanyar, kuma a ganina nan ne ake gane dokar da ta yi tunani da wadda ta yi gaggawa.

Hanya ta farko ita ce ta zafin narkewa. Illinois da Hawaii sun haramta wa dillali sayar da ƙaramar bindigar da manyan sassanta na ƙarfen da ke narkewa ƙasa da digiri 800 a ma'aunin Farenhait ne, wajen 427 kenan a Salshiyas, Minnesota ta sa nata a digiri 1000. South Carolina ma ta yi irinta amma ta soke a 2012. Gamin tutiyar da ake zuba bindiga mai arha da shi yana narkewa ne ƙasa da digiri 400 na Salshiyas, don haka kowa ya san wa aka nufa. Matsalar ita ce bindiga ba narkewa take yi a hannun mutum ba, abun da ke kashe mutane shi ne ta tashi ba a taɓa kunama ba, ko ta cije lokacin da ake tsananin buƙatarta. Sannan a Illinois da Hawaii dokar ƙarfe ta ambata, bindigogi masu jikin roba irin su Glock da suka cika kasuwa tun shekarun 1980 ba ta shafe su ba alhali robar ta fi tutiyar saurin narkewa nesa ba kusa ba. Gaskiya wannan dokar farashi take aunawa a fakaice.

Maryland ta bi ta kotu tukuna. A 1985 babbar kotun jihar ta yanke cewa wanda aka harba da irin wannan bindigar a wajen aikata laifi zai iya neman diyya daga mai ƙera ta, a 1988 majalisar jihar ta soke wannan hukuncin ta maye gurbinsa da kwamitin da ke tantance ƙananan bindigogi, wadda ba ta cikin jerin da ya amince da shi ba a sayar da ita, jama'a kuma suka tabbatar da dokar a ƙuri'ar raba gardama a wannan shekarar.

Kalifoniya ce ta yi abun da ya fi kusa da amsa tambayar mai saye. Dokarta ta 1999 wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2001 ta ce kowane samfurin ƙaramar bindiga kafin dillali ya sayar sai kamfani ya kai guda uku ɗakin gwaji mai zaman kansa da jihar ta amince da shi. Kowace ɗaya za a harba mata harsashi 600, ashirin na farko kada ta cije ko sau ɗaya, a cikin 600 ɗin gaba ɗaya kada cijewar ta wuce sau shida, kuma kada wani sashi mai aiki ya tsage ko ya karye. Bayan nan a sake ta daga tsayin mita ɗaya ta faɗi kan kankare ta fuskoki shida daban daban a ga ko za ta tashi. Wannan gwaji ne na gaskiya, ba ruwansa da nawa aka sa wa bindigar, kuma abun da ya fito daga ciki ya ba mutane da yawa mamaki domin wasu masu arhar sun tsallake, har da samfuran Hi-Point da ake yi a Ohio masu gamin tutiya a jikinsu, irin waɗanda dokar Illinois ke hanawa. Bindiga ɗaya, jiha ɗaya ta gwada ta ce ta ci, wata jihar ta dubi ƙarfenta kawai ta ce haram.

Sai dai Kalifoniyar ma ta zo ta lafta wa jerin bindigogin da ta amince a sayar kaya. Daga 2006 da 2007 aka ƙara sharaɗin alamar da ke nuna akwai harsashi a ciki da kuma tsarin da ke hana harbi in an cire gidan harsashi, waɗannan ina ganin amfaninsu ƙarara. A 2013 kuma sharaɗin cewa bindiga ta riƙa buga ƙaramar lamba a jikin kwanson harsashi in an harba ya fara aiki, kamfanoni suka ce ba za su iya ba, sai aka shafe kusan shekara goma sabbin samfuran bistol ba sa shiga jerin, mutane na sayen tsohon zubi alhali sabon da aka gyara yana nan a jihar maƙwabta. 'Yan sanda kuma an keɓe su, suna iya sayen wadda ba ta cikin jerin. A watan Maris na 2023 wani alƙalin tarayya ya ba da umarnin dakatar da waɗannan ƙarin sharuɗɗan, jihar ta ɗaukaka ƙara.

Bari in faɗi abun da ya sa ban ɗauki maganar nan da wasa ba. A 1994 a Kalifoniya wani yaro ɗan shekara 7 harsashi ya same shi ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, mai kula da shi ne ke ƙoƙarin cire harsashi daga wata bistol ta Bryco, kuma yadda aka ƙera bindigar sai ka buɗe makullin kariya kafin ka iya fitar da harsashin da ke ciki, wato daidai lokacin da ka fi buƙatar kariyar shi ne lokacin da aka tilasta maka ka cire ta. A 2003 juri, wato masu taya alƙali yanke hukunci, a Oakland suka yanke diyyar kusan dala miliyan 51, suka ɗora wa ɓangaren kamfanin kusan miliyan 24, nan take kamfanin ya shigar da takardar karyewa, daga baya tsohon manajan masana'antar ya sayi kayan aikin ya ci gaba da ƙera irinsu da sabon suna. Shekara tara iyalin nan suna jira. Dokar tarayya ta 2005 da ta kare kamfanonin bindiga daga yawancin ƙararraki ta bar ƙofar ƙara kan aibin ƙira a buɗe, amma ƙara ba ta tayar da yaron da ya shanye, kuma ƙaramin kamfani in ya karye wa za ka kama.

Kada kuma a ɗauka tsada ce kariya. Taurus na Birazil da ya shahara da sauƙin farashi ya yi sulhu a 2015 kan ƙarar da ta shafi kusan bistol miliyan ɗaya da aka yi zargin suna iya tashi in sun faɗi, duk da bai amsa laifi ba. Amma SIG Sauer P320, wadda sojan Amurka suka zaɓi samfurinta a farkon 2017, ita ma a watan Agustan wannan shekarar kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa. Remington ma ya karɓe R51 daga hannun masu saye a 2014 saboda matsaloli.

Masu adawa da dokokin nan suna da hujjar da ban iya turewa ba. Suna cewa mai kuɗi yana unguwar da ke da tsaro, talaka ne ke zaune inda ake fasa gida, in ka hana mai arha shi ka hana, kuma suna tuna dokar Tennessee ta 1879 da ta hana sayar da ƙananan bindigogi sai irin na soja masu tsada, wadda masana tarihi da dama ke ganin baƙaƙen fata da talakawa aka nufa da ita. Tun hukuncin kotun ƙoli na 2008 da na 2022 da suka ƙarfafa haƙƙin mutum na riƙe bindiga wannan hujjar ta ƙara ƙarfi a kotuna. Ni dai abun da na tsaya a kai shi ne a gwada kowace bindiga, mai arha da mai tsada, da harbi da faɗuwa, wadda ta ci a bar ta, wadda ta faɗi a hana ko ta dala dubu ce.

Toh ga mai saye a can, abun da dokar tarayya ke nema a wajen dillali shi ne shekara 21 don ƙaramar bindiga, cike fom mai lamba 4473, binciken tarihin laifi, kuma bisa wata dokar 2005 dole dillalin ya haɗa maka da makulli ko abun adanawa. Duk wannan kai ake tantancewa. Ita bindigar mai arha ta zamanin nan ta fi ta shekarun 1980 nesa, amma yawanci tana da nauyi, kunamarta da tauri, gidan harsashinta ba ya ɗaukar da yawa, kuma ba kowane irin harsashi take ci lafiya ba, wasu kamar Hi-Point suna ba da garanti na har abada, wanda ke da amfani muddin kamfanin na raye. Masu koyar da harbi kan ce kada ka dogara da kowace bindiga sai ka harba mata harsashi ɗari biyu ko uku da hannunka, kuɗin wannan harsashin da na horo da na akwatin ƙarfe mai kulle in akwai yara a gida zai iya kamo kuɗin bindigar kanta, wanda ya saye ta don dala 200 ce kaɗai gare shi sau da yawa waɗannan ne yake tsallakewa. Sannan ya riƙa shigar da lambar bindigarsa a shafin kamfanin lokaci lokaci yana duba ko an yi sanarwar janyewa, don babu hukumar da za ta aiko masa da wasiƙa.