Maganin ƙurajen leɓe ga masu ciwon hanta mai daɗewa

Ƙurajen da kan feso a gefen leɓe bayan zazzaɓi ko gajiya, ƙwayar bairos ce mai suna HSV-1 ke haddasa su. Da zarar ta shiga jiki sai ta ɓuya a cikin jijiya, ta riƙa tasowa lokaci zuwa lokaci har ƙarshen rayuwa. Magungunan da ake ba ta su ne asaikilobiya, balasaikilobiya da famsaikilobiya. Ba sa kawar da ita, rage kwanakin ciwon kawai suke yi, kuma sun fi aiki idan an sha su tun ana jin ƙaiƙayi, kafin ƙurjin ya fito.

Ga babban mutum mai lafiyar ƙoda, balasaikilobiya giram 2 ne sau biyu a rana ɗaya, awa 12 tsakani. Famsaikilobiya kuwa miligiram 1,500 ne sha ɗaya.

Mai ciwon hanta nau'in B ko C yakan ji tsoron maganin zai ƙara lalata hantarsa. Amma inda ya kamata a zuba ido shi ne ƙoda. A hanji da hanta ne balasaikilobiya ke rikiɗa ya koma asaikilobiya; idan hanta ta taurare rikiɗar takan yi jinkiri, sai dai adadin da ke isa jini bai cika canjawa ba, don haka ba a rage awon saboda hanta. Ƙoda ce ke fitar da shi. Idan tacewarta tana tsakanin mililita 30 da 49 a minti, ana mayar da awon giram 1 sau biyu. Tsakanin 10 da 29, miligiram 500 sau biyu. Abin lura, mai taurin hanta yakan rame, naman jiki ya ragu, sai gwajin kiriyatinin, wato gwajin jinin da ake auna aikin ƙoda da shi, ya nuna ƙoda ta fi yadda take lafiya. Wanda ke shan tenofobiya don nau'in B ma ƙodarsa na ɗauke da wani nauyin, shan ruwa sosai wajibi ne a gare shi.

Idan maganin ya taru a jiki yana kawo ruɗewa da gigita, alamun da ake iya ɗauka na gubar hanta ce ta hau ƙwaƙwalwa. Likita ya fara duba ƙodar kafin ya yanke hukunci.

Wani zai yi zaton maganin zai taɓa ƙwayar ciwon hantar ma. Amma asaikilobiya sai wani sinadari na ƙwayar HSV ya tayar da shi kafin ya yi aiki, ƙwayoyin B da C ba su da wannan sinadari, shi ya sa ba ya maganinsu. An gwada famsaikilobiya a kan nau'in B a shekarun 1990, tasirinsa ya yi rauni, aka koma ga lamibudin.